Tsallaken Aji Ko Maimai?

'Yan uwana mata, musamman ku iyaye, akwai maganar da ke yawo a tsakaninmu duk sanda sakamakon WAEC ya fito. Wai yarinyar da ta yi Further Maths a sakandare ta riga ta shanye lissafin aji ɗaya na jami'a, don haka a kai ta IJMB ta faɗa aji biyu kai tsaye, a rage shekara. Har a gidanmu a Kwanyawa na ji ta, daga bakin yayata, a kan 'yarta da ta gama makarantar kimiyya ta 'yan mata ta Garko.

Ni dai a sakandare na tsaya, amma ƙirgen shekara bai fi ƙarfina ba. Na ce, "Yaya, ƙirga mana. IJMB ɗin nan da Jami'ar Ahmadu Bello ke shiryawa, wadda ake yi a CAS a Kano, kusan shekara guda take ci, sannan 3 a jami'a. Wadda ta shiga Bayero ta JAMB 4 za ta yi. To ina ragin?" Sai ta yi shiru. Ashe abin da ke cin ta daban ne, akwai mai jiran yarinyar, danginsa har sun fara tambayar sa rana. Da ƙyar aka lallashe su, yarinya ta karɓi gurbinta na Bayero.

Gaskiya ne, kalkulas ɗin da za a ba ta a aji ɗaya ta taɓa ganin da yawansa. To sai me? A sakandare ana koya miki ki fitar da amsa kafin a ƙwace takarda. A aji biyu na sashen lissafi kuwa, malami hujja yake nema: me ya sa haka ne, me ya hana ya zama akasin haka? Kin ga wadda ta haddace hanya kawai, a nan asirinta ke tonuwa. Maimai a aji ɗaya shi ke ba ta sararin zaunar da abin a kanta a tsanake.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa mana ba. Makin aji ɗaya yana shiga lissafin darajar digiri. Yarinyar da ta baro ƙauye tana fama da ɗakin kwana, da layin ruwa, da kewar gida, wallahi gata ne ta tarar da darasin da ta sani, ta tara makinta tun kafin masu wuyar su iso.

Ban ce IJMB ba ta da rana ba. Wadda JAMB ta ƙi, ko ba ta samu gurbi ba, gara ta tafi can da ta zauna a gida shekara guda tana surfe. Sai dai ta tafi da shiri, don darussa 3 ne za a ɗura mata cikin 'yan watanni, kuma sai makinta ya kai kafin jami'a ta karɓe ta a aji biyu.