Zomaye sun koya wa yaranmu karanta zane

A darasin Asabar da muke yi wa yaranmu a nan Agege, abu ɗaya ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Yaro zai haddace ma'anar muhalli tsaf, amma da an ajiye masa zanen ƙididdiga irin wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC, sai ya yi tsuru-tsuru.

Kwanan baya muka gwada wani wasa na PhET, shirin kyauta na Jami'ar Kolorado a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002. Da zomo ɗaya ake farawa. Ka ba shi abokin zama, sai haihuwa, layin da ke ƙasan allo kuma yana ta hawa. In ka ƙyale su, wasan zai tsaya ya ce zomaye sun mamaye duniya. Yara suka yi ta dariya.

Da muka ce su hana hakan, nan gardama ta kaure. Wasu suka saki kyarketai, wasu suka rage abinci. Wata yarinya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗora yatsa inda layin ya faɗo ta ce, "Malam, nan ciyawa ta gaza musu, kamar awakin Kaka da rani." Ba wanda ya faɗa mata.

Matsalarmu dai kwamfuta ɗaya ce tak, kuma manyan yara sun fi riƙe ta. Duk mai tsohuwa a ajiye, don Allah ya tuna da mu kafin Asabar.