Kiɗan Gayya da Aikin Manhaja

Akwai wata shawara da kusan duk mai koyon rubuta manhaja yake cin karo da ita tun yana sabon shiga: in za ka saurari kiɗa kana aiki, to ka zaɓi wanda babu murya a ciki. Hujjar ita ce kalmomin mawaƙi suna kokawa da kalmomin da kake rubutawa, shi kuwa kiɗa tsura ba ya cewa komai. Shawarar tana da gaskiyarta, sai dai waɗanda suka tsara ta ba su tashi a inda ganga take magana ba. Ni a Maradi na tashi, a nan nake wannan sana'a, kuma shekarun da na kwashe gaban allon kwamfuta da abin sauraro a kunne sun nuna mini cewa zancen ya fi haka faɗi.

Wanda bai san aikin ba yana ganin danne-danne kawai muke yi. Alhali mafi yawan lokacin karatu ne da riƙe abubuwa a ka. A ce ina gyara manhajar wani kantin magani. Dole in riƙe cewa kwali ɗaya yana da sashe goma, kowane sashe ƙwaya goma, farashin sari daban da na sayarwa, kuma maganin da ranar lalacewarsa ta fi kusa shi zai fara fita. Ga kuma ƙa'idojin harshen kwamfutar kansa. A Python, idan ka jera abu goma, na farko lambarsa 0, na ƙarshe 9. A PHP, alamar daidai guda ɗaya tana zuba ƙima ne, guda biyu kuwa tambaya ce ko abu biyu sun yi daidai, kuma in ka sa ɗaya a wurin biyu manhajar za ta iya ci gaba da tafiya ba tare da ta yi ƙorafi ba. Duk wannan ina maimaita shi ne a zuci, kamar mai tebur da ke motsa leɓe yana lissafin canji. Ka yi masa magana a lokacin, sai ya koma farko.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gwada wannan. A 1989 Pierre Salamé da Alan Baddeley sun sa mutane su riƙe jerin lambobi a ka, wani lokaci cikin shiru, wani lokaci ana kiɗa, suka tarar waƙa mai murya ta fi kiɗa tsura ɓata lissafin. Muryar da ke shigowa ta kunne da muryar da kake maimaita lambobi da ita a zuci hanya ɗaya suke bi, hanyar kuwa ba ta da faɗi.

To a nan ne Bahaushe yake da tasa matsalar ta daban. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Shi kuma kalangu an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka: makaɗi ya matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka. Shi ya sa ake da take, shi ya sa mahauci ko ɗan dambe yake jin an kira shi tun kafin a buɗe baki. Idan na sa kiɗan kalangu, ko da babu wanda ya rera komai, kaina da kansa yake cika gurbin da kalmomi. Balle a ce Mamman Shata ne da kansa, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mutanen da kowane baiti nasu labari ne ko habaici da sai ka tsaya ka warware. Irin waɗannan ba a ajiye su a bayan fage. Ko dai ka ba su kunnenka duka, ko ka bar su sai bayan aiki.

Abin da ya fi zama mini daidai shi ne jitar Abzinawa, irin ta Bombino ɗan Agadas ko ta ƙungiyar Tinariwen. Kiɗan yana zagayawa wuri ɗaya kamar tafiyar raƙumi, ba ya ba ka mamaki, kuma Tamashek ɗin da suke waƙa da shi ba na jin sa, don haka ba ni da abin da zan bi. Wani abokin aikina ɗan Abzin ya ce shi sam ba ya iya rubuta layi ɗaya da waɗannan waƙoƙin a kunne, saboda kowace kalma gida take mayar da shi. Shi kiɗan ƙwarya na amada yake sawa ƙasa-ƙasa. Ashe abin da ke zama bango ga wani, ƙofa ce ga wani. Ba sunan kiɗan ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne yawan abin da kunnenka ke fahimta a cikinsa.

Amma ko kiɗan da ya dace da kunne, ba kowane aiki ya dace da shi ba. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. A gayya ana kaɗa gangar noma, samari su jera, kowa ya riƙe kuyyarsa, kiɗan yana daidaita saran fartanya yana mantar da gajiya. Mata suna waƙa a kan dutsen niƙa, suna luguden taɓarya a daka. Duk waɗannan ayyuka ne da hannu ya riga ya san hanyarsu, abin da ake nema kawai shi ne jiki ya jure. Amma ban taɓa ganin an kira makaɗi ranar rabon gado ba, ko lokacin da ake auna hatsi ana ƙirga tiya. Tela ma yakan bar rediyo yana ta yi sa'ad da yake taka keke, amma in zai sa almakashi a shaddar mutane mai tsada, sai ka ga ya miƙa hannu ya rage murya.

Rubuta manhaja yana da noma a ciki, yana da rabon gado. Akwai ranakun da aikin shi ne jera fom bayan fom, canza suna a wuri hamsin, gyara launi da girman rubutu. Wannan noma ne, kuma in babu kiɗa barci ne zai ɗauke ni. Akwai kuma sa'ar da lissafin kanti ya ƙi daidaita da jika biyu, ba wanda ya san inda suka shige, mai kantin kuma ya fara kallon yaron shagonsa da wani ido. Nan kam abin da ke kan layi mutuncin mutum ne da abincinsa, ni kuma ina bukatar kaina gaba ɗaya.

Tom DeMarco da Timothy Lister, a littafinsu Peopleware na 1987, sun ba da labarin wani gwaji da aka yi a jami'ar Cornell ta Amurka. An raba ɗalibai gida biyu, wasu a ɗaki mai kiɗa, wasu a ɗakin shiru, aka ba su aikin manhaja iri ɗaya. Wajen sauri da daidaito ba a ga bambanci ba. Sai dai an ɓoye wani abu a cikin aikin: bayan duk jujjuya lambobin da aka ce su yi, abin da ke fitowa a ƙarshe shi ne ainihin abin da aka shigar. Mafi yawan waɗanda suka lura da haka daga ɗakin shiru suke. Wannan labari ya dace da abin da nake gani a kaina. Kiɗa ba ya hana ni yin abin da aka ce in yi. Abin da yake ragewa shi ne ɗan sararin nan da mutum ke ɗago kai ya ce, tsaya, me ya sa ma muke bin wannan doguwar hanya?

Sai dai shiru kaya ne mai tsada a inda nake. Ɗakin aikina yana kallon titi. Ga kabu-kabu, ga mai tallan ruwa, ga injin niƙa na maƙwabta, in an ɗauke wuta kuma injinan wuta su tashi lokaci ɗaya kamar an yi musu gangami. Sau da yawa ba tsakanin kiɗa da shiru nake zaɓi ba, tsakanin hayaniyar da na zaɓa ne da wadda aka ɗora mini. Wasu abokan sana'a da ba sa sauraron kiɗa sam, saboda fahimtarsu ta addini, sukan sa sautin ruwan sama ko na fanka, kuma bukata ɗaya muke biya.

Toshe kunne ma yana da farashinsa a gidan Bahaushe. Baƙo zai yi sallama sau uku a zaure ba ka amsa ba, ya tafi da tunanin girman kai ne. Mahaifiyata ta taɓa ce mini, “Kai da kake cikin gida amma sai an aika a kira ka kamar wanda ke Yamai.” Ba ta san Python ba, amma ta san ɗan da ba ya amsa kira. Shi ya sa da rana kunne ɗaya nake sawa, ɗayan na bar wa gida. Aikin da ke bukatar shiru na gaske kuma na mayar da shi bayan sallar asuba, kafin titi ya farka.

Ga ƙanena masu tasowa a wannan sana'a, ba zan ce ku bar kiɗa ba, ba kuma zan ba ku jerin waƙoƙi ba. Kafin ka danna waƙa, ka dubi aikin da ke gabanka tukuna. In kuyya ce doguwa wadda ka san farkonta da ƙarshenta, kira makaɗa, ka yi ta sara har rana ta faɗi. In kuwa kuɗin wani ne kake bin sawu, ko maganin da za a ba maras lafiya, cire abin kunnen ka ajiye. Shata yana nan, zai jira ka har ka tashi.