Kayan Girkin Amarya a Amurka da Ƙasar Hausa: Inda Ɗan Kasuwa Yake Tsayawa

A Amurka akwai taron da mata ke yi wa amarya makonni kaɗan kafin ɗaurin aure, wanda 'yan matan manyan biranen Arewa da suka aro shi suke kira biraidal shawa, kuma manufarsa ita ce ƙawaye da dangi su haɗa mata kayan da za ta fara zaman gida da su. Al'adar ta kafu tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 a tsakanin masu hali na birane, kuma bisa ladabin da aka daɗe ana bi, babbar ƙawar amarya ce ke kiran taron, domin idan uwa ta kira shi da kanta ana ganin kamar ta fito roƙar wa 'yarta kaya ne. A cikin wannan taro ne wani salon ciniki ya sami wurin zama, wato sayarwa kai tsaye, inda kamfani ba ya dogara da kanti, sai dai ya danƙa hajarsa ga wakilai masu zaman kansu, yawancinsu mata, su shiga gidaje su gwada yadda ake aiki da ita, su karɓi oda, a biya su la'ada gwargwadon abin da suka sayar.

Kamfanin da ya fi shahara da wannan salo shi ne Tupperware. Earl Tupper ya fito da robobinsa masu murfin da ke hana iska shiga a shekarar 1946, amma suka yi kwantai a kantuna, saboda mai saye ba ta gane yadda ake danna murfin a fitar da iskar ciki sai an gwada mata. Wata mata mai suna Brownie Wise, wadda ta koyi tallan gida-gida a kamfanin Stanley Home Products, ita ta gano cewa falon maƙwabciya ya fi kanti jan ciniki, har takan cika roba da ruwa ta rufe ta jefa wa baƙi don su ga ba ya zuba. A 1951 aka janye kayan daga kantuna aka mayar da cinikin kacokan kan walimar gida a ƙarƙashin jagorancinta, a 1954 ta zama mace ta farko da mujallar Business Week ta sa a bangonta, sannan a 1958 Tupper ya sallame ta ya sayar da kamfanin. A fagen kayan girki kuwa sunan da aka fi ji shi ne Pampered Chef, wanda Doris Christopher, malamar koyar da tattalin gida, ta kafa a 1980 a ɗakin ƙasa na gidanta kusa da Shikago da jarin dala 3,000, kuma kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya saye shi a 2002.

Idan aka haɗa walimar sayar da kaya da taron amarya, tsarin yakan sauya ta hanyar da ta cancanci a duba ta da kyau. Tun kafin ranar, wakiliyar kamfani takan zauna da amarya su bi kundin kayan shafi-shafi, amarya ta zaɓi abin da take so, tun daga wuƙa da katakon yanka da ludayi har zuwa jerin tukwane da kaskon gashin burodi, a rubuta su a takardar buri. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Amurkawa, domin tun 1924 kantin Marshall Field's na Shikago ya fara ajiye wa amare irin wannan rajista don masu kyauta su duba. Sabon abin shi ne an ɗauko kantin an kawo shi cikin taron. A ƙaramar walima ta mutum goma ko goma sha biyar wakiliya takan dafa abinci ɗaya a gaban kowa, tana yanka albasa tana bayanin wuƙar, amma idan baƙi sun kai arba'in ko hamsin a ɗakin taron coci ko gidan cin abinci, na baya ba sa ganin hannunta, hira kuma takan rinjayi muryarta, don haka masu gogewa sukan taƙaita gwajin girkin ko su raba kayan a tebura daban-daban, baƙi su zagaya suna taɓawa. Sau da yawa akan manna hoton kowane abu da farashinsa a ƙaramin kati a jikin allo, baƙuwa ta cire katin abin da za ta saya wa amarya don kada mutum biyu su sayi abu ɗaya, masu tsadar kuma mutum uku ko huɗu su yi karo-karo a kansu. Babu ƙunshin kyauta da za a buɗe a ranar, sai takardun oda, kayan kuma su iso ta hannun masu kai saƙo bayan kwanaki.

Lissafin da ke ƙarƙashin taron mai sauƙi ne, ko da yake ba kasafai ake faɗarsa a fili ba. A wurin kamfani amarya ce ake ɗauka a matsayin mai masaukin baƙi, saboda haka ita ke samun tukuicin da kamfani ke bayarwa na kaya kyauta ko a rabin farashi, wanda ke ƙaruwa da yawan cinikin ranar, har da abin da baƙi suka saya wa kansu. Wakiliya tana samun la'adarta, amma babbar ribarta ita ce mata biyu ko uku daga cikin taron su yarda su kira irin wannan walima a gidajensu, ko ɗaya ta shiga sana'ar a ƙarƙashinta, tun da a yawancin waɗannan kamfanoni wadda ta shigo da wata tana da kaso a cinikinta. Abin da ke tura cinikin kuwa, fiye da ingancin tukunyar, shi ne nauyin ido: da wuya mace ta ci ta sha a taron ƙawarta, ta ga allo cike da katuna, ta fita hannu rabbana. Hukumomin Amurka sun san da irin wannan matsi, shi ya sa hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta ba mai saye damar soke cinikin da aka ƙulla a gida ko wani wurin da ba kantin mai kaya ba cikin kwana uku na aiki, idan kuɗin ya kai wani adadi.

A ƙasar Hausa nauyin kayan girkin amarya bai taɓa hawa kan ƙawayenta ba. Yana cikin kayan ɗaki, wato dukan abin da iyayen yarinya ke kai ta da shi gidan miji, inda a yawancin gidaje uba ke ɗaukar gado da katifa da kujeru, uwa kuma ta ɗauki kayan kicin, yayin da lefe ya rataya a wuyan ango. Uwa takan fara tari tun yarinya tana ƙarama, ta shiga adashi, idan ɗaukarta ta zo ta sayi saitin kwanoni ta tura ƙarƙashin gado. Kayan sun sauya da zamani, daga ƙore da akusa da tasoshin tagulla zuwa kwanonin samira masu fure da ake jerawa kan juna har su kusa taɓa rufi, zuwa tangaran da kuloli da injin markaɗe na yau, amma ma'anarsu ba ta sauya ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda tallan da 'yan mata ke yi wa iyayensu mata da ke cikin kulle yake komawa ga tara kayan ɗakinsu, Barbara Cooper kuma ta bi sawun wannan dukiya a Maraɗi cikin littafinta na 1997 kan aure a can. Kwana ɗaya ko biyu kafin kai amarya gwaggonni da yayye sukan je jere, su goge kowane kwano su ɗora shi a mazauninsa, sannan 'yan ganin ɗaki su zo su ƙiyasta da ido abin da gidan su yarinya ya iya. Kayan mallakar matar ne ita kaɗai, tana iya sayar da wasu ranar da ta shiga matsi, kuma idan aure ya mutu da su take fita.

Wannan ba ya nufin cewa baƙin bikin Hausa suna zuwa hannu sake. Suna kawo gudummawa, amma ga uwar amarya suke miƙa ta, kuma bashi ce da kowa ya san za a biya. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya bayyana yadda abokan biki ke mayar wa juna gudummawa da ƙari a kan abin da aka kawo musu. A nan ne al'adun biyu suka yi kama a ido suka rabu a ma'ana. A taron Amurka akan sa wata ƙawa ta zauna kusa da amarya da takarda da biro tana rubuta wanda ya ba da me, domin amarya ta aika wa kowa katin godiya, kuma da katin ya isa an rufe lissafi. A gidan bikin Hausa ma akan sami yarinya mai karatu a gefen uwar amarya da littafin makaranta tana rubuta sunaye da adadi, amma littafin nan ajiye shi ake yi a cikin akwati, a ɗauko shi bayan shekara biyar ranar da Hajiya wance za ta aurar da tata 'yar. Matsin kunya ɗaya ne a wuraren biyu. Bambancin shi ne a can wani kaso na abin da kunya ta fitar daga jakar baƙuwa yana tafiya ga kamfani da wakilansa, a nan kuwa yana zagayawa tsakanin matan har ya dawo ga mai shi.

Ciniki a cikin gida ba sabon abu ba ne ga matan Hausa, domin Polly Hill ta yi rubutu tun 1969 kan ɓoyayyar kasuwar da matan kulle ke ci daga ɗakunansu ta hannun yara. Dillaliya, wato matar da ke yawo gida-gida da kayan sayarwa sababbi da na hannu tana cin la'ada, ita ce mafi kusa da wakiliyar kamfanin Amurka, kuma sau da yawa ita ke kawo wa uwar amarya kwanonin, ta bar su a biya da kaɗan-kaɗan. Sai dai aikinta yana ƙarewa kafin a kafa rumfar biki. Da za ta baje kaya a tsakar gida ranar kamu ko yini, da farashi manne a jiki, tana kiran baƙi su saya wa amarya, da dangi sun ɗauke shi tonon asiri, shaida a bainar jama'a cewa iyaye sun gaza, alhali kuwa yawancin wahalar kayan ɗaki ana shan ta ne don rufin asiri. Farashi a bikin Hausa abu ne da kowace mace a ɗakin ta sani, amma ba mai furta shi.

Kuskure ne a ɗauka tsarin Hausa ya fi sauƙi. Tsadar kayan ɗaki tana cikin abubuwan da ke jinkirta auren 'ya'yan talakawa da jefa iyaye cikin bashi, har gwamnatin Kano ta sa kayan ɗaki a cikin abin da take bayarwa a auren gata da hukumar Hisba ta fara shiryawa a 2012. Amaryar Amurka aƙalla tana samun abin da ta zaɓa kuma za ta yi girki da shi, ba kwano ɗari da za su tsufa a kabad ba. Haka kuma ciniki ya riga ya sami ƙofar shiga bikin Hausa ta hanyar anko, inda dangin amarya ke sarin atamfa ko leshi a kasuwar Kantin Kwari su sayar wa masu zuwa biki, wani lokaci da ɗan ƙari a kai, ga kuma masu sayar da kayan kicin da ke tallata hajarsu a zaurukan WhatsApp da Instagram. A Amurka ma walimar tana barin falo tana komawa Facebook, inda ake aika wa baƙi adireshin takardar burin amarya su yi oda daga wayoyinsu, kamfanin Tupperware kuwa, wanda ya koma sayar da kayansa a kantunan Target a 2022, ya shigar da takardar karyewar arziki a kotu a watan Satumba na 2024.