Hannun Da Aka Ɗaure Da Zare

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa kafin rashin tsaro ya hana mu tafiyar dare, ya san abin da kaka take nufi. Da zarar an girbe dawa da masara, an kai auduga Funtuwa, kuɗi sun shiga aljihun manoma, sai ka ji kalangu ya tashi da la'asar sakaliya, alamar 'yan dambe sun sauka a gari. Ni kuwa a lokacin ina ɗan shekara 14 a Ƙanƙara, ba ni da wani buri da ya wuce a ce ni ne mai riƙe wa mijin yayata jakarsa.

Yayar nan tawa 'yar gwaggona ce, amma a gidanmu ta tashi, ita ta goya ni. An aurar da ita ga wani ɗan dambe na wani ƙauye a ƙasar Faskari, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba. Ƙato ne mai fara'a, mai sakin hannu. In ya shigo kasuwa mahauta su miƙa masa tsire, yara su bi shi ɗuu. Ni nakan zauna kusa da shi ina kallo ana naɗa masa zare a hannun dama, makaɗa suna zuga shi, in ji kamar ni ake wa kirarin.

Wata ranar Laraba da asuba muka ji ana buga ƙofa. Yaya ce, da goyo a bayanta, ta yi lulluɓi har rabin fuska. Da Inna ta yaye gyalen sai ta saki salati. Idon hagu ya kumbura ya rufe, kunne yana zubar da jini. Laifinta shi ne ta tambaye shi kuɗin cefane a gaban abokansa.

Da hantsi manya suka taru a zaure, ni kuma na raɓe a bakin ƙofa. Na ɗauka za a aika a kira shi, ko a tafi wurin mai gari. Sai na ji wani kawunmu yana cewa, "A bari ya dawo daga Sabuwa tukuna. Jibi yana da babban dambe. In aka tayar masa da hankali aka buge shi, mu za a zarga, a ce mun ba da garinmu kunya." Kowa ya ce haka ne.

Ranar Juma'a ina wanke takalmina sai Yaya ta leƙo daga ɗakin Inna, ta dube ni da idon da ya rage, ta ce, "Auta, kai ma za ka tafi?" Na sunkuyar da kai ban ce komai ba. Kuma na tafi. A Sabuwa ni na riƙe jaka, ni na miƙa ruwa. Ya yi kisa a turmi na biyu, fili ya kaure da ihu, aka yi ta yi masa liƙi, ni ma na yi tsalle har hulata ta faɗi. Da kuɗin liƙin nan ya sayi turmi biyu na atamfa ya aiko biko. Aka ba ta haƙuri, aka ce zaman aure ɗan haƙuri ne, aka mayar da ita. Sai bayan shekara uku, da karayar hannu, sannan alƙali ya raba auren. Har yau kunnenta na hagu ba ya ji. In zan yi mata magana sai na zagaya dama, kuma duk zagayawar da na yi sai na tuna Sabuwa.

Na daɗe ina zaton wannan halin ƙauye ne da ƙarancin ilmi. Ashe ba haka ba ne. A watan Disamba na 2011 wata kotu a Las Vegas ta Amurka ta yanke wa shahararren ɗan damben boko Floyd Mayweather ɗaurin kwana 90 saboda dukan uwar 'ya'yansa. Amma sai aka ɗage shigarsa kurkuku zuwa watan Yuni na 2012, domin ya samu ya kara da Miguel Cotto ranar 5 ga Mayu, bayan lauyoyinsa sun nuna irin kuɗin da birnin zai samu. Ya yi damben, ya karɓi aƙalla dala miliyan 32, sannan ya je ya yi wata biyu ya fito. Da na karanta wannan labari, muryar kawunmu na ji: a bari ya dawo daga Sabuwa tukuna.

Haka kuma a 2014 ɗan ƙwallon Amurka Ray Rice ya naushi matar da zai aura har ta suma. Hukumar wasan, wato NFL, ta dakatar da shi wasa biyu kacal. Sai da hoton bidiyon naushin ya fito a watan Satumba, duniya ta gani da idonta, sannan ƙungiyarsa ta Baltimore Ravens ta kore shi, bai kuma sake buga wasa ba. Wato maganar mace da tabon jikinta ba su isa shaida ba, sai an ga hoto. To, wa zai ɗauki hoton abin da ke faruwa a ɗakin laka a ƙauyen Faskari?

Abin da ya fi ba ni mamaki, mai karatu, shi ne dambe sana'a ce mai doka. Ba a haɗa ƙato da yaro. Turmi uku ake yi a raba. Da hannun mutum ko gwiwarsa ya taɓa ƙasa an yi kisa, ba a ƙara masa ko ɗaya, wanda kuwa ya ƙara, 'yan kallo ma ba za su bar shi ba. Ke nan mijin yayata ya san yadda ake tsayar da hannu, domin ya sha tsayarwa a gaban dubban mutane. A gida ne kawai ya ƙi, saboda ya san babu mai rabawa, babu kuma abin da zai rasa. Malamai sun sha gaya mana cewa ba a auna ƙarfin namiji da kayar da abokin kokawa, da mallakar zuciya lokacin fushi ake aunawa. Muna jin wannan a masallaci, mu manta da shi a fili.

Doka ma ta daɗe tana ɗaure wa ƙarya gindi. Tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bar wa miji ƙofar "gyara" matarsa a sashe na 55, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 ne gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafi wadda ta mayar da dukan abokin zaman aure laifi. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an kai ta. Mu kuwa ba ma kai gwarzonmu ƙara.

Ba ina cewa 'yan dambe ko 'yan ƙwallo sun fi sauran maza mugunta ba. Na san da yawa daga cikinsu da ko tsawa ba sa yi wa iyalinsu. Bambancin shi ne, in manomi ya bugi matarsa surukansa kaɗai zai fuskanta, amma in gwarzo ya yi, gari guda ne zai tsaya masa. Saboda haka maganin yana hannun garin. Sarkin dambe da ke iya hana mutum shiga fili don ya karya dokar wasa, zai iya hana shi don ya fasa wa matarsa kunne. Makaɗi zai iya ƙin wasa shi. Mai kuɗi zai iya mayar da hannunsa aljihu. Ranar da ɗan wasa ya san dukan gida zai raba shi da fili, ranar zai koyi tsayar da hannu.

A bara na tambayi Yaya ko ta yafe wa mutumin. Ta ce shi ta bar shi da Allah tuntuni, abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ihun da aka ce an yi a Sabuwa. Ban iya gaya mata cewa har da muryata a ciki ba, ko da yake na san ta sani. Allah Ya yafe mana, Ya sa kada 'ya'yanmu su riƙe irin jakar da na riƙe.