Famfo a Ƙirji, Tsoron Allura a Zuci

Muna da wani ƙane, ɗan baffanmu, wanda ya bar Zangon Kumasi ya tafi Jamus neman abinci. A can ciwon zuciya ya kama shi, har ta gaza tura jini yadda ya kamata. Likitoci suka tsaga ƙirjinsa suka dasa masa ɗan famfo a ɓangaren hagu na zuciyar, shi ke zuƙo jini ya tura cikin babbar jijiya. Wata igiya ta fito ta fatar cikinsa zuwa ga batura, yana rataye da su duk inda za shi. Kullum kuma sai ya sha warfarin don kada jini ya daskare cikin injin.

To, mutumin da ya yarda da wannan duka, sai ga shi a 2021 ya ce atafau ba za a yi masa allurar rigakafin korona ba.

Da fari dariya muka yi masa. Daga baya muka gane ashe da hannunmu a ciki. Mu ne muka riƙa tura masa saƙonnin murya ta WhatsApp, na mutanen da ko sunansu ba mu sani ba, wai allurar tana hana haihuwa. Mu da ke hana yara kwafar amsa ba tare da sun duba ba! Tsoron kuwa yana da tushe. Ba a manta da gwajin magani a kan yaran Kano lokacin sanƙarau a 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Sa'an nan a watan Maris na 2021 Jamus da kanta ta dakatar da allurar AstraZeneca na 'yan kwanaki saboda labarin daskarewar jini. Ga mai famfo, gudan jini ɗaya ya isa ya toshe injin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Likitarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce daskarewar nan ba safai take faruwa ba, kuma akwai wani irin allurar. Ita korona ce ke daskarar da jini, ta kuma ɓata huhu, nauyi ya faɗa wa ɓangaren dama na zuciya, wanda famfon bai ɗauke masa aiki ba. Batun zubar jini kuwa, siririyar allura ce, a danne wurin na 'yan mintoci. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na ƙarshe: yana jiran dashen zuciya, bayan dashen kuwa za a ɗora shi kan magungunan rage garkuwar jiki, rigakafi ba zai kama sosai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya ce ya ji, amma me ya sa mu ba mu yi ba? Kunya ta kama mu, gama tun ran 24 ga Fabrairu na shekarar allura 600,000 suka sauka a Gana, mu kuwa muna ta noƙewa. Muka je muka miƙa damtse, muka aika masa hoton katin. Bayan mako biyu ya aiko da nasa.

Har yanzu yana jiran zuciyar. Da sanyin bara ya shigo sai da muka sake ja-in-ja a kan allurar mura. Ya je, amma sai da muka buga masa waya sau uku, na ukun da Inna a kusa.