Tumbutu, garin tsofaffin littattafai

Tumbutu tana arewacin ƙasar Mali, a bakin hamada. Wanda ya tashi daga Yamai ya bi kogin Isa sama, sai ya wuce Tilaberi da Ayoru da Gawo kafin ya kai. Tsakanin garin da babban kogi akwai kamar kilometir 15. Gidaje na ƙasa ne da farin dutse, rairayi kuwa har cikin lungu. A nan raƙuman gishirin Tawdeni suke gamuwa da jiragen ruwa masu kawo hatsi. Akwai manyan tsofaffin masallatai 3: Jingarayber, Sankore da Sidi Yahaya.

Amma abin da ya fid da sunan garin a duniya shi ne littattafai rubutun hannu. Akwai na fiƙihu, na magani, na taurari, na lissafi, har da wasiƙun fatake da takardun bashi. Babban malaminsu Ahmad Baba an haife shi a 1556. Da sojan Maroko suka ci garin a 1591, daga baya aka kama shi aka tafi da shi Marakesh, littattafansa suka watse. Gidan ajiyar littattafai da aka buɗe a 1973 sunansa aka sa masa.

Littafin Tumbutu kamar na malaminmu na ƙauye yake. Ba a ɗinke shi ba. Warƙoƙi ne a sake, an jera su, an rufe da tadarishi na fata, an ɗaure da tsirkiya, an sa a gafaka. Lambar shafi babu. A ƙasan warƙa marubuci yakan sa kalmar da za ta fara warƙa ta gaba. Da ita ake mai da littafi daidai in iska ta watsa shi.

Masana da masu sayen tsofaffin littattafai ba su gaggawa. Da fari sukan bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, su ga ko wata warƙa ta ɓace. Sannan su duba ƙarshe, inda marubuci yakan sa sunansa da ranar da ya gama. Littafin da ya rasa wannan warƙa, darajarsa ta ragu ƙwarai, don ba shi da mai shaidarsa. Sukan kuma ɗaga takarda wajen haske. Sau da yawa sai a ga jinjirin wata guda 3 a cikinta. Wannan tambarin masu yin takarda ne na Italiya, ta ratso hamada bisa raƙumi. Tsohon tadarishi, ko ya ƙoƙe, ya fi musu sabo. Wanda ya cire shi don ya yi wa littafi gyara, ɓarna ya yi.

Makiyayi ya san fatar nan. Ta akuya ce, a jeme ta da bagaruwa, a rina da karan dafi. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi suna har Ingila, inda masu ɗaure littattafai suka daɗe suna nemanta saboda ƙarfinta.

Maƙiyan littafi su ne na rumbu: gara, ɓera, kyankyaso da laima. Busasshiyar iskar Tumbutu ta taimaka, ko da yake takan sa takarda ta yi ƙarau, ta karye in an lanƙwasa. Masu kula da su suna wanke hannu kafin su taɓa, suna ajiye su cikin akwati nesa da ƙasa da bango. Ba su liƙe yagaggen wuri da roba mai danƙo, don danƙon yana cin takarda.

A 2012 ƴan bindiga suka kama garin. Iyalai masu littattafai suka fara fid da su a ɓoye, cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota, wasu a jirgin ruwa, zuwa Bamako. Abdulƙadir Haidara yana cikin waɗanda suka shirya aikin. An ce abin da aka tsirar ya fi dubu 300. A watan Janairu na 2013, da ƴan bindigar za su gudu, suka sa wuta a gidan Ahmad Baba. Littattafai kamar dubu 4 suka salwanta.

Bamako kuma ta zo da nata ciwon. Ruwan sama ya fi yawa can, laima ta kama takardun da suka saba da hamada. Sai da aka sa injinan busar da iska, aka yi wa littattafai kwalaye, aka ɗauki hotunansu warƙa warƙa. A watan Agusta na 2025 gwamnatin Mali ta fara mai da na gidan Ahmad Baba zuwa Tumbutu.

Nijar ma tana da irin wannan ajiya. A Yamai, a ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni, akwai littattafai rubutun hannu kamar dubu 4, na larabci da na ajami, har da hausa. Marigayi Bubu Hama ne ya fara tara su.