Inda Dogo Ya Tsaya, Nan Mahaifina Yake Farawa

Mu 'yan Maraɗi da muka tashi bayan samun 'yancin kai a 1960, mun san jirgin ƙasa a bakin manya tun ba mu gan shi da ido ba. A lokacin Nijar ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo, amma abincin garinmu a rataye yake da layukan maƙwabta. Na Turawan Ingila ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Na Faransawa ya taso daga Kwatano, ya zo Faraku a 1936 ya yi tsaye. Dukkansu sun doso mu, babu wanda ya tsallako iyaka. Tazarar da ta rage manyan motoci ne ke cike ta, mahaifina kuwa yana cikin masu tuƙa su.

Gyaɗa ce arzikin wancan zamani. Da kaka ta kama, sai jakuna da raƙuma su cika bakin sikeli, alhazan gari suna saye da sunan kamfanin SONARA da gwamnati ta kafa a 1962. 'Yan dako su yi lodi har buhuna su haura kan bodi. Baba ba ya yarda kowa ya ɗaure masa tamfol. Shi zai ja igiya da hannunsa, ya zagaya da guntun ƙarfe yana bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana sauraren amon kowace. Inna ta miƙa masa ƙullin fura da ƙuli-ƙuli, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam." Idan Kano zai je, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, hankalinta a kwance yake. Idan aka ce Faraku ne, sai gidan ya yi tsit, domin sai ya bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ya haye kogi a Gaya, sannan ya nutsa cikin Dahomey. Ranar tafiya muka sani, ta dawowa sai Allah.

Wani hutun makaranta ya tafi da ni Kano. Na ga dalar gyaɗa, buhu kan buhu har wuyana ya gaji da ɗaga kai, duk suna jiran layi ya zo kansu a kwashe. Can sai ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafata, jirgi ya yi kuka, taragai suka riƙa wucewa na kasa ƙirga su. Na riƙe rigarsa na ce, "Baba, ina za shi?" Ya ce, "Ikko, bakin teku. Abin da ya ja yau, ni da abokan aikina sai mu daɗe muna jigila ba mu kwashe ba." Ba da hassada ya faɗa ba. Mutum ne da ya san nauyin buhu da tsawon hanya.

Sai da na girma na gane abin da rashin dogo yake ci mana. Kowane buhun siminti ko sukari da ya iso kasuwar Maraɗi, ya iso ne ɗauke da kuɗin mai, da na taya, da na shingayen hanya, kuma talaka ne ke biya. Akwai kuma abin da kuɗi ba sa maidowa. Abokin Baba na kusa ya rasu a wata gangara da damina, motar ta kife da shi da karen motarsa. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, 'yan kasuwa suka koma atamfa da shinkafa, amma wahalar direba tana nan yadda take. Baba ya ajiye tuƙi da ciwon baya da raunin ido.

Alkawari kam mun sha shi. Tun 1959 Nijar da Dahomey suka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa, muka zama masu kaso a layin da bai taka ƙasarmu ba. A 2014 aka buɗe tasha a Yamai, a 2016 aka ƙaddamar da layi mai kimanin kilomita 140 zuwa Dosso. Mun yi murna ƙwarai, amma layin bai haɗu da na Faraku ba, don haka bai kai kayan kowa teku ba, ƙarafunan suka zauna kwance rana na dukansu.

Shi ya sa labarin layin Kano zuwa Maraɗi ya taɓa ni daban. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin, kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal kan kusan dala biliyan 2. Na ji masu cewa me ya haɗa kuɗin Najeriya da wata ƙasa. Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkinmu. Wakenmu da dabbobinmu kudu suke tafiya, kayan masana'antun Kano arewa suke zuwa. Wannan ciniki ya girmi iyakar kanta.

Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaya kan yanke ƙyalle. Mun ga yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya tsayar da motoci, kaya suka lalace a kansu. Jirgi ma haka zai tsaya idan gwamnatocin biyu ba su ɗaure yarjejeniyar da saɓanin siyasa ba zai kwance ba. A duba kaya a wuri ɗaya, a sa farashin da mai buhu goma zai iya biya, a horar da 'ya'yan direbobi su riƙe tashoshi da garejin gyara. Iyayenmu sun biya wannan tazara da lafiyarsu, wasu da rayukansu, bai kamata jikokinsu su sake biya ba.